Darar da Na Koya ta Bayan Katanga

Ku matso kusa, ku da na haifa da ku da aka haifa mini, akwai maganar da na daɗe ina jin kuna juya ta ba daidai ba, ina so in miƙe ta tun ina da sauran idon ganin layin takarda. Karatuna na manya ne, na yaƙi da jahilci, in kun ga harafi ya karkace ku gyara a zuci ku wuce. Duk sanda aka taru a gidan nan, da Sallah ko da suna, sai in ji ɗayanku yana nuna wa baƙo gurabun darar da ke tsakar gida yana cewa wai lokacin da maigidana Malam ya kwanta jinya ne ya koya mini don ya rage zaman kaɗaici. Ina ji, ina yin shiru, don labarin ya yi masa kyau. To ba haka aka yi ba. Malam bai taɓa zaunar da ni ya koya mini dara ba. Satarta na yi, kuma ba a Dutse na sata ba, a Aujara ne, tun Abbanku yana goye a bayana.

Gidanmu na Aujara, wanda ya san shi zai tuna madafata tana jingine da katangar waje. Bayan katangar nan akwai bishiyar darbejiya, a gindinta maza suke zama bayan la'asar in an taso daga gona. Za su share ƙasa su haƙa gurabu talatin, wani ya ɗauki tsinken kara goma sha biyu, wani tsakuwa goma sha biyu, a jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara turawa gurbi zuwa gurbi. Wanda ya haɗa nasa uku a layi ya cire na abokinsa ɗaya. Shi ke nan dara, amma a kanta na ji dattawa masu furfura suna rantsuwa kamar a gaban alƙali. Malam kuwa a wajen nan ba shi da na biyu. Ni ina tuƙa tuwo ina jin komai: wa aka ci, wa ya ce an matsa masa tsinke yana kallon wani wuri, wa ya tashi da fushi ya bar hularsa. Mace ba ta dara, wannan ko a mafarki ba a tambaya. Amma in an kira magariba duk sun tafi masallaci, sai in leƙa ta zaure in ƙare wa gurabun kallo yadda suka bar su, in dawo in baje toka a gefen murhu, in haƙa nawa da yatsa, in sa wake fari da wake ja. Ni ce Malam, ni ce abokin wasansa. In na ji motsin takalmi in shafe da tafin hannu. Fiye da shekara talatin ina haka, ko uwata ba ta sani ba. A wannan sauraron ne na gane wani abu da abokansa ba su taɓa ganewa ba: duk sanda Malam ya ɗana tarko, ya bar tsinke ɗaya a fili kamar ya manta da shi, sai ya yi gyaran murya. Ƙarami, sau ɗaya. In na ji shi daga madafa sai in ce a raina, wane ya shiga uku, kuma ba a daɗewa sai in ji ihun 'yan kallo.

Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, da bazara, yana alwala. Abbanku, wanda ba na kama sunansa don ɗan fari ne, shi ya ɗauko mu ya kawo mu Dutse. Bayan asibiti ya ce ba za mu koma ƙauye ba, ga ɗaki a gidansa. Allah ya yi masa albarka, shi da matarsa Bilki, ba abin da suka rage mu da shi. Amma gidan, tun daga bakin ƙofa har bayan gida, siminti ne da tayil. Ko inda kaza za ta yi tono babu. Malam ya samu sauƙi, ƙafar tana ɗan ja amma tana taka ƙasa, bakin ya dawo, hannun dama ne ya naɗe ya kwanta a cinya. Likita ya ba shi wata ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa, in ya dage hannun zai tashi. Muna shiga gida ya cillar da ita ƙarƙashin gado.

"Ni za a ba abin wasan yara? Da gemuna?"

Daga nan ya juya fuska bango. Ba ya fitowa falo, ba ya cin abinci da kowa, jikoki in sun shigo gaisuwa sai ya ɗaga musu hannun hagu kawai. Hauwa, babbarsu, tana da shekara tara a lokacin, ita ce mai tsokanarsa da can tana ce masa angonta, har ita ta daina shiga. Magana ɗaya yake yi kullum in Abbanku ya shigo da safe:

"Kafin kaka a mayar da ni gidana."

Ni na san abin da wannan magana take nufi. A Aujara ba kowa a gidan sai awaki da muka bar wa maƙwabta. Ba zuwa ganin likita, ba mai ɗaga shi in ya faɗi sai ni, ni ma gwiwa ta fara ba ni labari. Ba zama zai je yi ba, jira zai je yi. Abbanku kuwa bai taɓa ce wa mahaifinsa a'a ba, in ranar ta zo zai sa shi a mota yana hawaye.

Ana cikin haka aka ba yara dogon hutu na damina. Su uku, wayar uwarsu ɗaya. Tun safe ake kokawa a kanta, wannan ya ja, wannan ta yi kuka. Ran nan Abbanku ya gaji ya ce da Bilki ta je kasuwa ta zaɓo musu kayan wasan da za su riƙa yi a gida, ta tafi da ni tunda ni ce mai wuni da su. Ni da ba na son fita, ranar na yafa mayafi da sauri, don akwai abin da nake nema, ko da yake ban san kamanninsa ba. Muka shiga wani kanti, kaya har rufi. Mota mai batir tana juyi da kanta, 'yar tsana mai gashin doki tana lumshe ido, bindigar ruwa, jirgi mai fitila. Mai kantin saurayi ne mai bakin ciniki. Duk wanda ya ɗauko sai in tambaye shi:

"Wannan mutum nawa ke yin sa?"

"Hajiya, ai shi daɗinsa ke nan, yaro shi kaɗai zai wuni da shi, ba zai dame ku ba."

"Mayar. Muna da irinsa a gida, shi ake kokawa a kai. Wannan fa, tsoho zai iya?"

Ya dube ni ya yi dariya. "Hajiya ke za ki yi?"

"Kai dai ba ni amsa, ɗan nan. Mai hannu ɗaya zai iya?"

Bilki ta gane inda na dosa, ta sunkuyar da kai. A ƙarshe muka ɗauko ludo, don mutum huɗu ke zama a kansa, da igiyar tsalle, da 'yar tsana ɗaya saboda ƙaramar ta riƙe ta ta ƙi saki. Da yamma yara suka kai ludon ɗakin Malam, ni na tura su. Ya kalli yadda ake kaɗa ɗan abin nan a kofi a zubar, ya tambayi Hauwa:

"In abin ya ba ki shida, ke kika yi dabara ko shi?"

"Sa'a ce, Malam."

"To a kai wa masu sa'a. Ni tawa ta ƙare."

A nan na gane kuskurena. Na zaɓo abin da hannunsa zai iya, ban zaɓo abin da kansa zai so ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana cin maza da tunani, na kawo masa wasan da jariri zai iya cin sa. Washegari na ɗauki babban tirena na shanyar kuɓewa, na roƙi maƙwabcinmu da ke gini ya cika mini shi da yashi, na yayyafa ruwa na daddanne. Na tsinto ƙwallon dabino goma sha biyu, abin da ba a rasawa a Dutse, na karya tsinken tsintsiya goma sha biyu. Bilki ta fito ta ga tiren a kan tayil ɗinta da take gogewa sau biyu a rana.

"Inna, yashi a falo?"

"Ba a falo ba, 'yata. A ƙofar ɗakin Malam."

"Zai shiga ko'ina fa, har cikin shinkafa."

"Zai shiga. Ni zan share."

Sai ta je ta ɗauko tsohuwar tabarma ta shimfiɗa a ƙarƙashi. Ku riƙe mata wannan.

Na zaunar da Hauwa daidai inda Malam zai hango mu daga gado, na haƙa gurabu, na ce wai na taɓa hangen maza suna wani wasa haka, bari mu gwada. Na yi ta tura tsinke inda bai kamata ba, ina sa yarinyar ita ma tana zuba shirme. Hauwa ta samu biyu a layi, na ukun yana gefe, gurbi ɗaya ya rage, sai na ce mata ta tura wani can daban. Na ji gado ya yi ƙara. Ta ɗaga hannu za ta tura.

"Ba nan ba. Ke, ba nan ba. Wa ya ce ki saurari wannan tsohuwar? Na hagunki."

Ban ɗaga kai ba, don kar ya ga fuskata. Kafin la'asar ta yi sanyi Malam yana zaune a bakin ƙofa, karo na farko cikin wata uku, yana nuna wa Hauwa da hannun hagu, yana ce mini in tashi in ba mutane wuri tunda ban san komai ba. Kwana biyar ana haka, har abinci ya fara ci a wajen. Na ce alhamdulillahi, an gama. Ashe saura.

Ranar Asabar Abbanku yana gida, ya ga abin ya yi murna, ya ce Baba bari in gwada. Shi ma ya iya daidai gwargwado, ɗan Aujara ne. Suka jera. Malam ya daɗe bai yi ba, kuma kai bai gama washewa ba, sai ya yi kuskure na gaske, ya buɗe hanya. Ina tsaye ina gani. Abbanku ya gani, ya kai hannu, sai ya dubi fuskar mahaifinsa, ya janye, ya tura wani tsinke can da ba shi da amfani. Tausayi ne, na sani. Ya sake yi sau biyu. A na ukun Malam ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa hannun hagu ya kife tiren. Yashi har ƙarƙashin kujeru.

"Ni kake bari in ci? A Aujara mutum ya ci ni sau ɗaya sai ya yi wata yana ba da labari. Yau ɗana ne yake ba ni sadaka. Juma'a in an sauko daga masallaci ka kawo mota."

Ya ja ƙafa ya shige, ya tura ƙofa. Abbanku ya zauna nan cikin yashi. Ni ce na share, kamar yadda na yi alkawari, kuma ina sharewa ina tunani. Ba ciwon ne ya kwantar da Malam ba. Tun ranar da ya faɗi kowa yake lallaɓa shi, a rage murya in an shigo, a ce masa sannu ko tari ya yi. Ba wanda ya ƙara yi masa musu, har ni. Abin da yake bukata mutum ne da zai zauna gabansa ya ci shi ba sani ba sabo. A duk gidan kuwa mutum ɗaya ce za ta iya, kuma in ta yi, asirin shekara talatin ya tonu, kuma za a ce matar Malam ta kunyata mijinta gaban 'ya'ya da jikoki yana cikin ciwo. Kwana huɗu ina juya abin. Ranar Laraba Bilki ta fara haɗa mana kaya a jaka tana share ido.

Alhamis bayan la'asar na sake cika tiren, na kai har gaban gadonsa, na bar ƙofa a buɗe, na kira kowa.

"Malam, tunda gobe za mu tafi, ina so in yi wasa ɗaya da kai."

"Lami, ba na son shashanci."

"Ɗaya tak. In kana tsoro kuma shi ke nan."

Shekara arba'in da aure ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Bilki ta rufe baki da mayafi. Malam ya sauko ƙasa, ya ɗebi ƙwallon dabino. Muka jera. Tun a jerin na ga girarsa ta ɗan motsa, don na toshe masa gurbin da ya saba farawa da shi. Muka fara turawa. Ya ci ɗaya, na ci ɗaya. Can sai ya bar ƙwallo ɗaya a kusurwa, a fili, kamar ya manta. Abbanku har ya ɗan zungure ni da ido wai ga banza. Sai na ji shi. Gyaran murya, ƙarami, sau ɗaya. Wallahi sai da ƙamshin tuwon madafata ta Aujara ya dawo mini a hanci. Ban taɓa kusurwar ba. Na tura tsinkena na zaunar da shi a gurbin da yake jira in buɗe masa. Ya ɗago ya dube ni. Daga nan ban saurara masa ba, na yi ta cire masa ɗaya bayan ɗaya har ya rage da biyu a yashi. Hauwa ce ta fara magana:

"Angona, an cinye ka."

"Sake jerawa," in ji shi.

Na sake cin sa. Na uku ma haka. Ban bar masa ko ɗaya don tausayi ba.

"Wa ya koya miki?"

"Katangar madafa."

"Tun yaushe?"

"Tun ana goyon wannan." Na nuna Abbanku da haɓa.

Har na fara nadama. Sannan ya ce, yana huci:

"Da hagu na yi. Kowa ya ga da hagu na yi. Ni ban taɓa dara da hagu ba."

"To ga na daman nan a cinyarka, Malam. Wa ya riƙe maka shi?"

Abbanku ya ce a hankali, "Baba, motar gobe, ƙarfe nawa?"

"Wace mota? In tafi a ce mace ta kore ni daga Dutse? Ba inda za ni sai na rama."

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba, abinci sai in Bilki ce ta kai. Ƙanwarsa, Gwaggonku ta Taura, labari ya kai mata, ta yi takakkiya ta zo ta zauna a falo ta wanke ni tas, wai na zubar da girman yayanta, wai ashe shekara da shekaru ina laɓe ina sauraron maza. Rabin maganarta gaskiya ce, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake sakin jiki da ni kamar da ba. Wannan na biya shi. Amma a rana ta huɗu da hantsi na leƙa ɗakinsa, na same shi zaune shi kaɗai da tiren, ya kama hannun dama da na hagu ya ɗora a kan yashi, yana ƙoƙarin tsintar ƙwallon dabino da yatsu biyu. Ta suɓuce. Ya sake. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Na koma da baya ban bari ya gan ni ba. Abin da likita ya roƙa da ƙwallon roba bai samu ba, ƙwallon dabino ta samu.

Kullum bayan la'asar sai mun zauna, kullum sai na ci shi. Yara suka kasu biyu, masu bayan Malam da masu bayana, ludo da igiya suna nan ana yi da safe, amma la'asar ta dara ce, wayar Bilki har a manta inda aka ajiye ta. Wata rana ya matsa mini sai na faɗa masa yadda nake gane tarkonsa. Na faɗa. Ya yi dariya har ya ƙware, dariyar farko tun bazara, sannan ya ce:

"Duk ƙattin nan na gindin darbejiya ba wanda ya ji, sai mai tuƙa tuwo. Lami, da kin faɗa tun tuni, da na huta da zama da su."

Wannan maganar ita ce ta sa ni kuka, ba faɗan Gwaggo ba.

Daga ranar bai sake gyaran murya ba, na rasa makamina da bakina. Sai da aka shigo da sabon gero, kakar da ya ce a mayar da shi kafin ta, sannan ya ci ni. Da hannun dama. Yatsun suna rawa amma su suka ɗauki ƙwallon suka ajiye ta ta uku a layi, suka cire tsinkena. Kun sha tambayata ko bari na yi. Ban bari ba, kuma da na bari da ya gane, kun dai ji abin da ya sami Abbanku. Ya ci ni da gaske, ya sa aka kira maƙwabta aka faɗa musu. Washegari Abbanku ya aro guduma, da hannunsa ya fasa simintin tsakar gida, faɗin tabarma ɗaya, har ƙasa ta bayyana. Bilki tana tsaye tana cewa a ƙara ta nan, wurin ya yi kaɗan. Malam ya tsuguna ya haƙa gurabu talatin da yatsansa. Shekara bakwai ya ƙara a gidan nan, yana takawa masallaci da ƙafarsa, bai sake zancen mota ba. A lissafinsa shi ke gaba, a nawa ni ce, mun rabu ba mu daidaita ba, Allah ya jiƙansa.

Yanzu ni ce tsohuwar gidan. Na lura kun fara rage murya in kun shigo ɗakina, kuna ce mini sannu ko atishawa na yi, kuna cika 'ya'yanku da motoci masu batir don kar su dame ni. Gurabun suna nan, na share su jiya, ƙwallon dabinon Malam suna cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona. La'asar ɗin gobe ina tsakar gida. A cikinku wa zai zo ya zauna gabana, ya ci ni in ya iya, ba tare da ya tausaya mini ba?